Teslim Balogun: Aradun Legas da ya yi ci-rani a ƙananan kulob-kulob na Ingila

Da wuya a samu wanda ya tashi a Arewa yana buga ƙwallon tsumma a lungu, a ce bai taɓa jin labarin wasan Najeriya da Indiya ba. Yadda ake ba da shi, Indiyawa sun shigo fili da tsafinsu, duk lokacin da ɗan Najeriya ya ɗaga ƙafa zai buga ƙwallo sai ta rikiɗe ta zama zaki, ko dutse, ko garwashin wuta, har aka zura mana 99. Daga nan aka samu wani namijin duniya ya rufe ido ya naɗi dutsen da ƙafar hagu, ya jefa ƙwallo ɗaya tilo a ragar Indiya. A tsohuwar riwaya, wannan mutumin shi ne Tanda Balogun. Akwai kuma ƙaramin labarin da ke biye da wannan, wai ya taɓa yin wani bugu da ƙwallon ta huda cikin mai tsaron gida ta fita ta bayansa.

Ba a taɓa yin wannan wasa ba, babu kuma golan da ƙwallo ta huda. Amma mutumin da aka jingina wa labarin ya rayu, ya yi suna tun kafin a samu 'yancin kai, kuma akwai wani yanki na rayuwarsa da masu tatsuniya ba su cika kaiwa gare shi ba: shekarun da ya yi yana yawo daga wannan ƙaramar ƙungiya zuwa waccan a ƙasar Ingila, cikin sanyi da taɓo, a garuruwan da ko Turawan kansu ba kowa ne zai iya nuna su a taswira ba.

Matasan da ke cika gidajen kallo a Gumel da Maigatari ranar Asabar da yamma sun san Arsenal da Chelsea da Manchester United kamar yunwar cikinsu. Abin da talabijin ba ta nuna musu shi ne dogon tsanin da ke ƙarƙashin waɗannan manya. Ƙungiyoyi 92 ne a manyan rukunai huɗu na ƙwallon Ingila, a ƙasansu kuma akwai ɗaruruwa na garuruwa da ƙauyuka. A can ƙasan ne ake samun irin ɗan wasan da Bahaushe zai kira ɗan ci-rani: bana yana nan, baɗi yana can, jakarsa kullum a ɗaure, ba ya daɗewa a wuri har a saba da shi. Irin wannan rayuwa Balogun ya yi a Ingila, alhali a gida babu ɗan ƙwallon da ya kai shi suna.

Daga Legas zuwa Fatakwal, daga Fatakwal zuwa Reluwe

Cikakken sunansa Tesilimi Olawale Ayinde Balogun. An haife shi a Legas a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu. Sunan Tesilimi daga Taslim na Larabci ya samo asali, Balogun kuwa a wurin Yarabawa sarauta ce ta jagoran mayaƙa, kwatankwacin Sarkin Yaƙi a ƙasar Hausa. Ya yi karatu a Fatakwal, a makarantar mishan ta St. Mary's, sannan ya dawo Legas ya shiga harkar tamaula gadan-gadan.

A wancan zamani babu ɗan ƙwallon da ke cin abinci da ƙwallo kaɗai a Najeriya. Manyan ƙungiyoyi na ma'aikatu ne da kamfanoni. Hukumar jiragen ruwa tana da Marine, hukumar jiragen ƙasa tana da Reluwe, kamfanin UAC yana da tasa, 'yan sanda da ma'aikatar ayyuka su ma haka. Idan ma'aikata ta ga yaro mai ƙafa, sai ta ba shi aikin akawu ko na makaniki, ya yi aiki da safe, ya fita atisaye da la'asar. Wanda duk ya fi ba da aiki mai maiƙo shi ke kwashe gwanaye. Wannan ne ya sa jerin ƙungiyoyin da Balogun ya buga wa a gida yake da tsawo: Apapa Bombers, Marine, UAC, Reluwe, Jos, Pan Bank, Dynamos da SCOA. Ashe tun kafin ya tsallaka teku ya san sauya sheƙa.

Reluwe ita ce uwa ma ba da mama a cikinsu. Ma'aikatan jirgin ƙasa na daga cikin waɗanda suka yaɗa ƙwallo a faɗin ƙasar nan, tare da makarantu da barikokin soja, domin duk inda dogo ya isa, akawu da direba da mai gyara sukan isa da ƙwallonsu. Dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshen da ya bi ta Ringim da Gagarawa ya dangana da Nguru a 1930 don kwasar gyaɗa da fatu. Hukumar da ke tafiyar da waɗannan jirage ita ce mai ƙungiyar da ta fi kowace cin Kofin Gwamna a shekarun farko, kofin da Gwamna Arthur Richards ya bayar aka fara gasarsa a 1945. Balogun ɗan wasan Reluwe ne a 1949, shekarar da ƙungiyar ta sake ɗaukar kofin, kuma daga nan aka zaɓe shi cikin tawagar farko da ta wakilci Najeriya a ƙasar waje.

Dogo ne, ƙafafunsa a ɗan gwame, gwanin yanka ne, ga iya wasa da ka. Amma abin da ya fi jan hankalin 'yan kallo shi ne ƙarfin bugunsa, musamman da hagu, har suka laƙaba masa sunan Thunder, wato tsawa ko aradu, wanda bakin Bahaushe ya mayar Tanda. Wasu kuma Balinga suke ce masa.

Tafiyar 1949

'Yan wasa 18 aka zaɓa, mafi yawansu daga Marine da Reluwe na Legas. Etim Henshaw ne kyaftin, Sam Ibiam na Fatakwal a raga, Dan Anyiam a baya, Titus Okere a gefe, daga Arewa kuma aka ɗauko John Dankaro na Jos. Sun shiga jirgin ruwa mai suna Apapa a watan Agusta, suka yi kusan mako biyu a teku kafin su sauka Liverpool. A can aka haɗa su da Jack Finch, tsohon ɗan wasan Fulham, ya zama mai horar da su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin jaridun Ingila shi ne ƙafafunsu. Mafi yawan 'yan tawagar ba sa sa takalmi, sai dai su naɗe ƙafa da bandeji su bar yatsu a waje, domin haka suka saba a busassun filayen gida. A wasan farko suka lallasa Marine ta Crosby da ci 5 da 2. Bayan haka suka gamu da manyan ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba irin su Bishop Auckland da Leytonstone da Dulwich Hamlet. Cikin wasa tara sun ci biyu, sun yi canjaras biyu, an doke su a biyar, mafi muni shi ne 8 da nema da zaɓaɓɓun gasar Athenian suka yi musu. Ƙafa ba takalmi tana da daɗin sarrafa ƙwallo a busasshen fili, amma a jiƙaƙƙiyar ciyawar Ingila sai santsi. Wasansu na ƙarshe da South Liverpool da dare aka buga shi ƙarƙashin fitilun lantarki, abin da a lokacin ko a Ingila baƙo ne, mutum sama da dubu 13 suka shiga kallo, aka tashi 2 da 2.

A hanyar dawowa jirgin ya yada zango a Freetown, inda ranar 8 ga Oktoba, 1949 suka doke Saliyo da ci 2 da nema. Wannan shi ne wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin Najeriya. Daga wannan rana Balogun ya shafe kimanin shekara 12 yana sa rigar ƙasa, tun tana ja ana kiran ƙungiyar Red Devils.

Mai neman asalin tatsuniyar Indiya zai iya waiwayar wannan zamani. Indiyawa ma ba takalmi da yawansu suka buga gasar Olamfik ta Landan a 1948, suka kuma janye daga Kofin Duniya na 1950 bayan sun samu gurbi. Rashin ganinsu a manyan gasa daga baya ya ba masu ƙirƙira damar cewa hana su aka yi saboda tsafi.

Shekarar Jos da kofin Kano

A 1951 Balogun ya hau tudu ya koma Jos, garin kuza, wanda a lokacin ya tara ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan. A shekarar ce Jos ta kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna, karo na farko da wata ƙungiyar Arewa ta kai wannan mataki. Wadda ta tarar a Legas kuwa ita ce tsohuwar ƙungiyarsa Reluwe, wadda ta yi nasara da ci 3 da 2. Mutanen Jos ba su san cewa sun buɗe ƙofar wata doguwar jarrabawa ba ce, domin ƙungiyoyin garin sun yi ta zuwa wasan ƙarshe suna komawa hannu rabbana, shekara da shekaru, sai a 1999 Plateau United ta kai kofin gida.

Bai daɗe a Jos ba. A 1952 yana Legas tare da Pan Bank, inda suka yi wa Warri ruwan ƙwallaye shida a wasan ƙarshe, uku daga ciki daga ƙafarsa. Daga Pan Bank ya koma Dynamos, ita ce kuma ƙungiyar da Kano ta doke da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na 1953. Ranar ce kofin ya fara barin Legas tun da aka ƙirƙiro shi, kuma Arewa ya nufo. Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 1954 da 1955, Kalaba da Fatakwal suka hana ta. A lissafin rayuwarsa gaba ɗaya, Balogun ya buga wasan ƙarshe na wannan kofi sau bakwai, ya ɗauka sau biyar.

Mutumin da ke da irin wannan tarihi ne ya ɗaure kayansa a watan Agusta na 1955 ya sake shiga jirgi zuwa Ingila, da niyyar buga ƙwallo da kuma koyon sana'ar ɗab'i.

Giwa a garin wani

Bai zama na farko ba. Abokin tafiyarsa na 1949, Titus Okere, ya riga shi, ya sa hannu a Swindon Town a 1953, amma bai samu shiga sahun farko ba, ya gangara ƙananan ƙungiyoyi. Hanyar a buɗe take ta fuskar doka. Tun 1931 hukumar ƙwallon Ingila ta gindaya sharaɗin cewa baƙo ba zai buga wasan ƙwararru ba sai ya yi shekara biyu a ƙasar, sharaɗin da ya toshe wa 'yan Turai ƙofa har 1978. Amma ɗan Najeriya a lokacin talakan Sarauniya ne, dokar ba ta hau kansa ba. Abin da doka ba ta ba shi ba shi ne gurbi a cikin fili.

Peterborough United ce ta ɗauke shi. Garin yana arewa da Landan, an san shi da masana'antun bulo da na injuna da mahaɗar jiragen ƙasa. Ƙungiyar kuwa a lokacin ba ta ma cikin 92 ɗin nan, tana gasar yanki ce da ake kira Midland, ƙarƙashin George Swindin, tsohon mai tsaron gidan Arsenal. Sai dai rashin sa'ar Balogun, ya tarar da ita a lokacin da take kan ganiyarta. Daga kakar da ya iso, ta 1955/56, Peterborough ta ci gasar Midland sau biyar a jere. Mai horarwa ba ya taɓa sahun da ke cin wasa, kuma a zamanin babu canjin ɗan wasa: mutum 11 da suka fara su za su gama, ko da ɗaya ya karye sai dai a ƙarasa da goma. Sai a 1965 aka halatta canji a gasar Ingila. Saboda haka wanda ba ya cikin sha ɗayan farko ba shi da ko minti goman da zai nuna kansa. Gwarzon Kofin Gwamna ya ƙare a sahu na biyu, bai buga wa babbar ƙungiyar wasan gasa ba.

Ga yanayi kuma. Daga Nuwamba zuwa Maris filayen ƙananan ƙungiyoyi taɓo ne tsantsa, wani lokaci ƙanƙara. Ƙwallon zamanin ta fata ce mai ɗinki, tana shan ruwa ta yi nauyi. Takalman masu kauri ne, suna rufe idon sawu. Salon wasan ma daban yake: a ɗaga ƙwallo sama, a bi ta da gudu, a yi karo da ƙirji da kafaɗa, alƙalin wasa yana kallo. Ɗan wasan da ya saba ya tsayar da ƙwallo, ya yanke mutum biyu ko uku kafin ya saki bugu, a can ana yi masa kallon mai son kai ne ko mai jinkiri. Ba sai an ce fasaharsa ta ragu ba. Kasuwar ce ba ta sayen irin hajarsa.

Daga Peterborough ya nufi Skegness Town. Skegness ƙaramin gari ne a bakin teku a gundumar Lincolnshire, inda ma'aikatan masana'antu ke zuwa shan iska da bazara, da hunturu kuwa sai iska mai ratsa ƙashi da shagunan da aka rufe. Mutumin da dubban mutane ke yi wa kirari a filin Onikan ya koma buga wasa a gaban 'yan tsirarun mutanen gari masu sanye da manyan kwat.

Wata bakwai a Loftus Road

A kakar 1956/57 ƙofa ta buɗe. Queens Park Rangers ta yammacin Landan ta ɗauke shi. Masu kallon Firimiya na yau sun san QPR a matsayin ƙungiyar da ke hawa tana sauka, amma a lokacin tana rukuni na uku ne, sashen kudu. An raba rukuni na uku gida biyu, arewa da kudu, kowanne da ƙungiya 24, kuma zakara kaɗai ke haurawa sama daga kowane sashe. Ƙungiyar da ta ga ba za ta zo ta ɗaya ba tun tsakiyar kaka, sai ta koma lissafin yadda za ta rage kashe kuɗi.

Ya fara da ƙafar dama. A wasansa na farko, da Watford a watan Oktoba na 1956, ya ci ƙwallo. Amma lissafin kakar gaba ɗaya gajere ne: wasa 13 na gasa cikin 46, ƙwallo 3. QPR ta ƙare a tsakiyar tebur, Ipswich Town ta ɗauki sashen ƙarƙashin Alf Ramsey, wanda bayan shekara tara ya ci wa Ingila Kofin Duniya. Da kaka ta ƙare, Balogun ya bar Loftus Road.

Ya kamata mai karatu ya san irin sana'ar da ake magana a kai, don kada ya auna ta da ma'aunin yau. A lokacin akwai dokar da ta ƙayyade mafi yawan albashin ɗan ƙwallo. A tsakiyar shekarun 1950 fam 15 ne a mako lokacin kaka, ya kai fam 20 a 1958, kuma wannan shi ne rufin da ko Stanley Matthews ba ya wucewa. Ɗan rukuni na uku sau da yawa ƙasa da haka yake karɓa, da bazara kuma a rage. Kwantiragi na shekara ɗaya ne. Idan kaka ta ƙare, kulob ya fitar da sunayen waɗanda zai riƙe da waɗanda ya sallama, wanda aka riƙe ba shi da ikon tafiya ko da ba ya so, wanda aka sallama kuma ya nemi inda dare zai yi masa. Sai a Janairun 1961 ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta karya dokar albashin. Wannan ya sa komawa ƙungiyar da ke wajen manyan rukunai ba kullum faɗuwa ba ce ta fuskar aljihu, domin a can mutum zai riƙe aikinsa na yini, ya karɓi ɗan abin da kulob ke bayarwa a ƙarshen mako, jimlar ta iya kai ko ta wuce ta ɗan rukuni na uku.

Baƙar fata a filayen Ingila na lokacin ana iya ƙirga su da yatsu. Akwai Lindy Delapenha ɗan Jamaika a Middlesbrough, akwai Charlie Williams a Doncaster Rovers, Steve Mokone na Afirka ta Kudu ya zo Coventry City a daidai wannan lokaci, shi ma bai daɗe ba ya wuce Holan. A unguwannin Landan kuwa masu gidajen haya da yawa ba sa karɓar baƙar fata. Unguwar Notting Hill, inda aka yi tarzomar ƙabilanci a 1958, tafiyar ƙafa ce daga filin QPR. A cikin wannan gari Balogun ya yi kakarsa.

Daga nan ya koma Lincolnshire, wannan karon Holbeach United. Holbeach ƙaramin garin kasuwa ne a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma da aka ƙwato daga fadama, inda ake noman dankali da kayan lambu da furanni. Da ita ya rufe littafinsa na Ingila: ƙungiya huɗu cikin kimanin shekara uku, ɗaya ce kawai a cikin manyan rukunai.

Idan aka tsaya a kan alƙaluma, abin da za a ce shi ne bai yi nasara ba. A ganina wannan hukunci ya yi gaggawa. Ya je Ingila ne bayan ya riga ya ba ƙwallon gida shekarunsa mafi kyau, ya faɗa cikin tsarin da ba ya ba baƙo lokacin sabo, kuma duk da haka ya buga gasar ƙwararru ya ci ƙwallo, abin da Okere bai samu ba. Bayansa Elkanah Onyeali ya zo Tranmere Rovers a 1960 yana karatu yana wasa, ya ci ƙwallo 8 a wasa 13, shi ma aka sallame shi bayan kaka ɗaya. Idan mai ƙwallo takwas a wasa goma sha uku bai tsira ba, to matsalar ba ta tsaya ga ƙafar ɗan wasa ba.

Abin da ya dawo da shi

Babban abin da Balogun ya samo a Ingila ba a fili ya same shi ba. Hukumar ƙwallon ƙasar, ta hannun Walter Winterbottom, ta kafa tsarin kwasa-kwasan horar da masu horarwa, Balogun ya shiga, ya fito da takardar shaida. Ana lissafa shi a matsayin ɗan Afirka na farko da ya samu shaidar zama ƙwararren koci. A lokacin da Najeriya ke shirin karɓar mulkin kai, kuma kusan duk mai horar da babbar ƙungiya Bature ne, wannan takarda ta fi ƙwallo ukun QPR daraja nesa ba kusa ba.

Ya dawo ya zauna a Ibadan, ya kama aikin horarwa a Jihar Yamma, bai kuma rataye takalmi nan take ba. A shekarun da yake can ne Ibadan ta ɗauki kofin ƙasa a 1959 da 1961. Ya riƙa zagaya makarantu yana koya wa yara yadda ake tsayar da ƙwallo da yadda ake bugu, har ɗalibai suka sa masa suna Baba Ball. Da yawa daga cikin waɗanda suka yaɗa labarin ƙarfin ƙafarsa a garuruwa ba su taɓa ganinsa a wasan gasa ba, a filin makaranta suka gan shi yana gwada musu.

A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Najeriya ta je gasar ƙwallon Olamfik karo na farko, a Meziko, Balogun yana cikin masu horar da tawagar, wadda 'yan Stationery Stores ta Legas suka fi yawa a cikinta. Japan ta doke su 3 da 1, Kunishige Kamamoto ya ci duka ukun. Sifaniya ta yi musu 3 da nema. A wasa na uku suka ba duniya mamaki, suka jefa wa Brazil uku kafin a tafi hutun rabin lokaci, Brazil ta dawo ta farke duka, aka tashi 3 da 3. Sai bayan shekara 28, a Atlanta, Najeriya ta rama, lokacin da Nwankwo Kanu ya fitar da Brazil a wasan kusa da na ƙarshe.

Balogun ya rasu cikin barcinsa ranar 30 ga Yuli, 1972, bai kai shekara hamsin ba. Ya bar mata da 'ya'ya takwas. Wata shida bayan rasuwarsa, a Janairun 1973, Najeriya ta doke Gini da ci 2 da nema a sabon Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere, ta ɗauki zinaren ƙwallon ƙafa na Wasannin Afirka, babban kambunta na farko a nahiyar.

Hanyar da ya bi ba ta toshe ba. John Chiedozie da Tunji Banjo sun fito daga Orient ta gabashin Landan suka buga wa Najeriya a farkon shekarun 1980. Jos, garin da ya kai wasan ƙarshe a 1951, shi ya fitar da Mikel Obi da ya yi shekara goma a Chelsea, da Ahmed Musa da ya bi ta Kano Pillars ya isa Leicester City a 2016. A QPR kanta 'yan Najeriya irin su Danny Shittu da Taye Taiwo sun sa rigar, har da wani Balogun ɗin, Leon, a 2022. A ƙarƙashin waɗannan sanannu kuma har gobe akwai 'ya'yan Najeriya da yawa da ke zagaya rukuni na uku da na huɗu da abin da ke ƙasa da su, da kwantiragin shekara ɗaya, kamar yadda ya yi.

Peterborough da ta ajiye shi a sahu na biyu ta samu shiga manyan rukunai a 1960, ta ci rukuni na huɗu a kakarta ta farko da ƙwallo 134. Skegness Town da Holbeach United suna nan har yanzu a gasannin yanki. A Legas kuwa, daura da Babban Filin Wasa na Ƙasa, gwamnatin jihar ta fara gina wani fili a 1984, aikin ya yi ta jan ƙafa har sai 2007 aka buɗe shi da sunan Teslim Balogun. Yana ɗaukar mutum kimanin dubu 24, kuma yana cikin filayen da aka buga Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, tare da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a Kano.